Bayis ɗinku yana da haƙora, ina leɓensa?

1/
Zare ga samari masu aikin hannu: makanikai, masu walda, kafintoci, masu gyaran famfo, da duk wanda ke kai musu aiki. Maganar ƙarama ce a ido: abin da ake sakawa tsakanin haƙoran bayis da kayan da aka matse. Ra'ayina shi ne, matse gamammen kayan mutane da tsirarar haƙora ɓarna ce, kuma lokaci ya yi da za mu daina cewa "ai haka aikin yake". Ku biyo ni. 🧵

2/
Ga wanda bai san bayis ba: ƙarfen nan ne mai baki da ake kafewa a kan benci, a murɗa hannunsa ya damƙe abu don a samu damar yanka, goga, huji ko kwance noti. Ku leƙa cikin bakin, za ku ga falle biyu masu ƙananan haƙora a gicciye. Da gangan aka gasa su suka fi kusan duk abin da za a saka musu tauri.

3/
Haƙoran nan suna da aikinsu. In rodi za ka yanka, ko ɗanyen ƙarfen da daga baya za a goge a yi masa fenti, to bar su su ciza son ransu. Matsala tana farawa ne idan aka ɗauko abin da an riga an gama shi, mai sulɓi, mai ƙyalli, mai tiredi ko mai rami a ciki, aka jefa shi bakin nan kamar rodi.

4/
Maganin kuwa tsohon abu ne. Ana sanya wa kowane gefen baki wani abu mai laushi ya shiga tsakani: alminiyam, jan ƙarfe, katako, fata ko roba. Ni leɓe nake ce masa, tunda haƙori yake rufewa. Akwai na kamfani mai maganaɗisu da ake mannawa, akwai wanda za ka lanƙwasa da hannunka daga ragowar kayan da ke zube a ƙasan shago.

5/
Kafin a ce na cika tsanani, mu yi ɗan lissafi, don da yawa ba su san irin ƙarfin da ke hannunsu ba. A ce tsawon hannun bayis santimita 25 ne. Murɗa ɗaya, hannunka ya yi zagayen kusan santimita 157. In tiredin bayis ɗin mai tazarar milimita 5 ne, a wannan zagayen milimita 5 kacal bakin ya matsa. Wato an ninka ƙarfinka sau 314.

6/
Ka danna hannun da ƙarfin kilo 20, abin da yaron shago zai yi yana hira. A takarda, kilo 6,280 ke nan. Gogayyar tiredi tana cinye mafi yawa, to mu ce ta cinye kashi 3 cikin 4. Saura kilo 1,570. Buhun siminti 31 fa! Shi ne ake ɗora wa kaburetar wani bawan Allah, kuma ta kan tsinin haƙora.

7/
Tsinin nan shi ne inda gizo ke saƙa. Gwada yanzu: danna tafin hannunka da gindin biro, ba komai. Juya biron ka danna da bakinsa, da ƙarfi iri ɗaya. Ka ji bambanci ko? Ƙarfin bai canza ba, wurin da ya sauka ne ya ƙanƙance. Haƙoran bayis bakin biro ne guda ɗari a jere, sai dai su ba sa jin tausayi.

8/
A shekarar 1900 wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Johan Brinell, ya fito da hanyar auna taurin ƙarfe wadda har yau ake amfani da ita. Ana danna ƙwallo mai tauri a jikin ƙarfen da nauyin da aka sani, sai a auna faɗin lotsawar da ta bari. Lambar da ta fito tana nuna kilo nawa kowane murabba'in milimita ya ɗauka.

9/
A wannan ma'aunin, kusan haka suke:
katako: ƙasa da 10
dalma: 5
tsantsar alminiyam: 15
jan ƙarfe: 35
alminiyam mai haɗi irin na taga: wajen 75
ƙarfen walda na yau da kullum: wajen 120
sitenles: wajen 200
gasasshen ƙarfen kayan aiki: 600 zuwa sama
Haƙoran bayis sun fi kusa da na ƙarshen nan.

10/
Yanzu haɗa biyun. Kilo 1,570 a kan alminiyam mai lamba 75: dole haƙoran su nutse har sai sawunsu ya kai wajen murabba'in milimita 20 kafin ƙarfen ya iya tare su. Babu iya hannu da zai hana. Amma in leɓe ya raba nauyin a fili mai santimita 5 da 2, kowane murabba'in milimita bai ɗauki ko kilo 2 ba. Riƙon yana nan, cizon ya tafi.

11/
Ƙa'idar ke nan, in ita kaɗai kuka riƙe ma zaren ya biya: duk abin da zai taɓa kayan dole ya fi kayan laushi, kuma ya taɓa su a wuri mai faɗi. In dole sai wani ya ji ciwo, to ya zama leɓen da ka tsinto a bola, kada ya zama kayan da aka ba ka amana.

12/
Wani zai ce, "Haba malam, ɗan sawun haƙori ne fa, ai ba mota ce ta ƙone ba." To mu bi sawun nan wurare 5. Na farko: sandar shokozoban gaba na babur. An yi mata rufin kurom mai sulɓi ne saboda robar sil tana gogar ta sama da ƙasa duk ramin da aka faɗa. Haƙori ɗaya ya tayar da ɗan kaifi a jikinta, ya zama reza.

13/
Kullum rezar nan tana yankar sil kaɗan-kaɗan. Can sai mai ya fara tsiyaya, gaban babur ya fara dukan ƙasa, in kuma mai faifan birki ne, man yana iya gangarowa kansa. Mai babur ya dawo, a ce masa sil ɗin jabu ne, a sa sabo, shi ma ya mutu. Ba wanda zai tuna ranar da aka matse sandar a bayis.

14/
Na biyu: kabureta, ta babur ko janareta ko injin ban ruwa. Jikinta zubi ne na ƙarfe mai laushi, cikinta kuma ramuka. Matsi kaɗan ya isa ya karkatar da bakin da ke haɗuwa da inji, iska ta riƙa sata ta gefe. Ko ramin ya ɗan lotse, abin da ke sintiri a ciki ya riƙa maƙalewa. Sai a wuni ana saitin silo, ya ƙi zama.

15/
Na uku: tiredi. Ka matse bolti ta wurin tiredinsa da haƙora, ka murƙushe kan layukan ke nan. Noti ya ƙi shiga, a sa masa ƙarfi, ya shiga a karkace. In kuwa ramin da boltin zai koma a jikin alminiyam yake, kamar kan silinda, sai ya cinye na cikin. Aikin minti 10 ya koma neman mai sake yanka tiredi, da kuɗin da ba wanda ya shirya.

16/
Na huɗu: sitenles, ga masu haɗa hannun bene, ƙofa da baranda. Sitenles yana kare kansa ne da wani siririn rufi da ido ba ya gani. Haƙoran bayis da ɓurɓushin baƙin ƙarfen da ke kansu suna nutsa ƙananan ƙwayoyi a fatarsa. Damina ta zo, ƙwayoyin su yi tsatsa, ɗigo-ɗigo ja. Mai gida ya ce an cuce shi da jabu, alhali kayan na gaske ne, bayis ne ya shafa musu cuta.

17/
Na biyar, wanda ya fi haɗari: tsaga. Kun lura da ɗan yankan da ake yi a gefen ledar biskit? Ja ledar ta ko'ina ta ƙi, ja ta wurin yankan ta tafi fyat. Mai yankan gilas da mai tayil ma haka suke yi: karce ɗaya, sai a ɓalle. Ƙarfi a ƙasan karce yake taruwa, kuma ƙarfe bai fita daga wannan dokar ba.

18/
A shekarun 1850 da 1860, wani injiniyan jirgin ƙasa a Jamus, August Wöhler, ya duƙufa kan abin da ke karya sandunan ƙafafun jirgi alhali ba a yi musu lodin da ya fi ƙarfinsu ba. Ya nuna cewa ƙaramar lanƙwasa da ake maimaitawa dubban lokuta tana gajiyar da ƙarfe, kuma wuri mai kaifin kusurwa yana gaggauta karyewar.

19/
Shafti, hannun babur na alminiyam, bututun birki, duk jijjiga suke sha daga safe zuwa dare. Ba ina cewa duk sawun haƙori zai karya ƙarfe ba, yawanci ba zai karya ba. Amma in tsaga za ta fara, irin wurin nan take nema. Kuma ba a gareji take ƙarasawa ba, sai a kan titi da mutum a kai.

20/
Yanzu hujjojin da ake kawowa, mu bi su ɗaya-ɗaya. "Leɓe yana sa kaya zamewa." Akwai gaskiya a ciki. Yana zamewa in akwai mai ko giris, ko in ka ɗora abu mai da'ira a kan shimfiɗaɗɗen leɓe. To goge man. Ga mai da'ira kuma, yi wa leɓen kwari mai siffar V, abin ya kwanta a ciki ya taɓu ta layi 4 maimakon 2. Zamewa ta ƙare.

21/
"Ba lokaci, aiki ya yi yawa." Leɓen da an riga an lanƙwasa, ɗora shi bai kai daƙiƙa 5 ba. Abin da ke cin lokaci nemansa ne a cikin tarkace. Huda shi ka ɗaure da waya a jikin benci, shi ke nan. Sai ka kwatanta daƙiƙa 5 da awa guda ana goge sawu, ko rabin yini ana gardama da kwastoma ana rantse-rantse.

22/
"Oga bai koya mana haka ba, kuma shekara 30 yana aiki." Da girmamawa ga iyayenmu a sana'a: da yawansu sun koyi aiki ne lokacin da kayan inji ƙarfe ne mai kauri da ke jure duka. Yau alminiyam da roba sun cika inji, bango ya yi siriri. Sannan ku leƙa wurin maƙeran zinariya da azurfa, tun fil azal da katako da fata suke riƙe kayansu. Dabarar ba baƙuwa ba ce.

23/
"Ai kwastoma ba ya gani." Wannan ce ta fi ci mini rai. Mutum ya kawo maka kayansa ne saboda bai san aikin ba. Rashin saninsa shi ya sa amanar ta yi nauyi. Ka ɓata masa abu a wurin da ba ya gani, ya dawo ka sake cajinsa kuɗin gyaran ɓarnar da kai ka yi. Ku faɗa mini sunan wannan in ba cuta ba, ko da ba da niyya aka yi ba.

24/
"Kayan Turawa ne, sai mai kuɗi." A'a wallahi. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san mutanen da ke haɗa injin niƙa da ƙofar gida daga tarkace ba za su kasa lanƙwasa falle biyu ba. Na kamfani yana da kyau in da hali. In babu, ga yadda za ka yi naka yau ɗin nan.

25/
Na alminiyam: je wurin masu haɗa taga ka nemi ragowar mai kusurwa, kaurin milimita 2 zuwa 3. Auna faɗin bakin bayis ɗinka, yawanci inci 4, 5 ko 6 ne. Yanka guda 2, goge kaifin gefe da magagari. Gefe ɗaya ya kwanta a saman baki, ɗayan ya rufe haƙora. In yana faɗowa, bar ɗan kunne a kowane ƙarshe ka lanƙwasa ya rungumi bakin.

26/
Na jan ƙarfe: ragowar bututu mai faɗi daga wurin masu gyaran AC. Tsaga shi a tsaye, gasa shi har ya yi ja-ja, ka bar shi ya huce ko ka tsoma a ruwa. Jan ƙarfe laushi yake yi bayan gashi. Buɗe shi, daddale shi, matse rabinsa a bayis, kwantar da sauran a saman baki da guduma. In ya taurare da yawan aiki, sake gasa shi ya dawo.

27/
Na katako, sarkin riƙe bututu: ɗauki guntun katako mai tauri, huda shi daidai girman bututun, sannan tsaga shi biyu da zarto ta tsakiyar hujin. Ɗan abin da zarton ya cinye shi ne zai ba shi damar matsewa. Wannan yana rungumar bututu ta ko'ina, shi ya fi dacewa da sandar shokozoba. Yi kala-kala, rubuta girman kowanne a jikinsa.

28/
Na fata da roba: guntun fata mai kauri daga wurin masu takalmi, manna shi a kan katako ko alminiyam. Ya dace da kan famfo mai ƙyalli da abin da aka yi wa fenti. Tsohuwar taya ko bel suna da riƙo sosai, sai dai kaya suna rawa a cikinsu in kana goga da magagari, kuma fetur da baƙin mai suna kumbura su.

29/
Ga bolti kuwa akwai dabara ta musamman. Samo noti daidai da shi, yanka gefe ɗaya na notin da zarto har cikin rami, ɗaura shi a jikin boltin, sai ka matse notin a bayis. Notin zai tsuke ya riƙe tiredin ta ko'ina ba tare da ya murƙushe shi ba. Ko ka ɗaura noti 2 ka ƙulle su da juna, ka matse su.

30/
Ku kula da wannan: leɓe yana hana cizo, amma ba ya hana lotsewa. Buhun siminti 31 ɗin nan suna nan. Bututu mai siririn bango, cusa masa sanda ko katako daidai cikinsa kafin ka matse. Kabureta da ire-irenta, ya fi kyau ka ɗaure ta da boltinta a jikin wani falle mai kauri, sai ka matse fallen. Ita ko taɓa bayis ba ta yi ba.

31/
A taƙaice, wa ya dace da wa:
baƙin ƙarfe da aka goge, shafti, bolti: alminiyam ko jan ƙarfe
kayan alminiyam da tagulla: katako, roba mai tauri ko fata
kurom da fenti: fata ko roba
bututu: tsagaggen katako ko leɓe mai V
sitenles: leɓensa daban, wanda bai taɓa haɗuwa da baƙin ƙarfe ba
katako: katakon da ya fi shi laushi

32/
Leɓe ma yana da nasa sharri in an yi sakaci. Saboda laushinsa, ɓurɓushin ƙarfe yana nutsewa a cikinsa, sai ya koma sanfefa. Mai maganaɗisu kuma shi da kansa yake kiran ɓurɓushin. Don haka shafa shi da hannu ko buroshi kafin kowane matsi. In ya cika da ƙwayoyi, goge fuskarsa da magagari ko ka jefar ka yi sabo. Dama don ya mutu aka yi shi.

33/
Zafi kuma: kada ka yi walda ko gashi a kan leɓen roba, fata ko katako. Robar nailan da ake yin na kamfani da ita tana narkewa tun wajen digiri 220 zuwa 260. Alminiyam a 660, jan ƙarfe sai 1,085. Don aikin wuta jan ƙarfe ya fi, amma ka sani yana zuƙe zafi daga jikin aikin, to kada ka matse dab da inda kake son ya yi zafi.

34/
Tsumma ba leɓe ba ne. Na san shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi. Haƙora suna huda shi kamar babu, sai dai ya ɓoye maka ɓarnar har ka kwance. Yana kuma sa kaya sulɓewa. In kuwa injin huji ko na yankan ƙarfe ya kama bakinsa, zai naɗe shi ya fizgo hannunka kafin ka ƙifta ido. Guntun kwali ma ya fi shi.

35/
Dalma: tsofaffin shaguna a duniya sun yi amfani da ita saboda laushinta, kuma za a samu mai cewa a narka ta tsohon batir, tunda a digiri 327 take narkewa. Don Allah kada ku yi. Guba ce, ƙurarta tana bin hannu da riga har gida. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu ta dalilin niƙan dutsen zinariya. Alminiyam ya wadatar.

36/
Sannan leɓe ba lasisin ƙara ƙarfi ba ne. Masu zura fayif a hannun bayis don ƙarin tsawo, ko dukansa da guduma: yawancin bayis ƙarfen zubi ne, gautsi gare shi, ba ya lanƙwasa sai dai ya fashe. In abu yana zamewa, gyara yadda ya zauna. In kuma a gefe ɗaya ka matse, sa wani abu mai kauri ɗaya a ɗaya gefen don bakin ya tsaya daidai.

37/
Don adalci: akwai lokacin cire leɓe. Lanƙwasa rodi, sarar ƙarfe da kurfi, kwance notin da tsatsa ta cinye wanda dama bola za shi, yanka ɗanyen ƙarfe. A nan haƙora kake so, leɓe ma haɗari ne don zai iya sulɓewa. Gwaninta ita ce ka tsaya daƙiƙa 2 ka tambayi kanka: abin nan, akwai wurin da ya kamata ya fita yadda ya shigo?

38/
Ga ogogi masu yara a hannu, shawara: aikin farko da za ku ba sabon yaro ya zama haɗa leɓen bayis. A ciki zai koyi awo, yanka, goga da lanƙwasa, kuma in ya ɓata ba a yi asarar komai ba. Abin da ya fi, tun makon farko zai gane cewa a shagon nan ana jin tsoron kayan mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

39/
Ga ku masu kai aiki, maza da mata: kuna da haƙƙin ku leƙa. In kun ga za a jefa kayanku mai ƙyalli cikin tsirarar haƙora, ku ce, "Oga, don Allah a ɗan sa masa wani abu." Cikin ladabi, ba da gadara ba. Amma ku ma ku daina tsayawa a kan mai gyara kuna "yi sauri, yi sauri", sannan ku murƙushe farashi har ƙasa. Aikin kirki yana son numfashi.

40/
Me ya sa na dage a kan falle biyu? Muna yawan kukan mutane sun fi son kayan waje a kan na gida. Ku ɗauki biyun ku jera, sau da yawa ba ƙarfi ne ya raba su ba, namu ma kan fi kauri. Gamawa ce. Karce a nan, lotsawa a can, sawun haƙori a kusurwa. Ido yana ganin wannan kafin ya ga ingancin walda, kuma da shi ake yanke farashi.

41/
Matashin da ke son manyan ayyuka, irin na asibiti, otal ko kamfani, ya sani cewa a can ana mayar da kaya saboda karce ɗaya. Ba a koyon tsafta ranar da kwangila ta zo, ba a fafe gora ranar tafiya. A kan shokozoban ɗan acaɓa ake koyonta, lokacin da ba wanda ke kallo kuma ba wanda zai biya ka ƙari.

42/
To ga aikin gida: gobe in kun shiga shago, ku nemi ragowar alminiyam ko katako ku yi wa bayis ɗinku leɓe, ku ɗauki hoto ku ajiye a ƙarƙashin zaren nan. Mai wata dabarar da ta fi waɗannan ya kawo mu ƙaru. Wanda kuma ke ganin na yi tsanani, bismillah, filin a buɗe yake. Ku tura wa makanikenku, amma ku fara gaishe shi tukuna. 🔧